Lacca: Kirci da Danginsa a Ƙasar Adar



Zancen yau zancen fata ne. Wani zai ce, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da ƙyanda suke ɗaukar rayuka, wa ke da lokacin ƙaiƙayi? Amsar tana gidan da yaro ya kwana yana susa har shimfiɗa ta ɓaci da jini, uwa ba ta runtsa ba, uba ya tashi da jajayen idanu ya nufi biro ko rumfarsa ta kasuwa. Tana kuma wurin magini wanda tafin hannunsa ya tsattsage har ya kasa riƙe cebur, alhali da hannun nan yake ciyar da gida. Kirci bai cika yin kisa ba, amma yana cin barci, yana cin aljihu, yana kuma cin mutunci, domin akwai masu janye hannu idan mai shi ya miƙo nasa a gaisa.

Kafin a yi maganar magani, wajibi ne a raba sunaye, domin daga nan ɓarna take farawa. A bakin mutane, duk abin da ya fito a fata ya yi ƙaiƙayi ƙuraje ne, kuma mai guda ake nema a shafa masa. Alhali cututtukan sun bambanta kamar gero da dawa. Ƙazwa wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi da ido ba ya gani, wanda yake haƙa rami cikin fata. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, ta fi son tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, kuma idan ta shiga gida sai ta zagaye kowa. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Makero da ƙora kuwa wani irin naman gwari ne, mai yin zobe a jiki ko ya cinye gashin kan yara. Kyasbi shi ma daga dangin naman gwari yake: dabbare-dabbare masu haske a ƙirji da baya da wuya, ƙaiƙayinsu kaɗan ne. A Najeriya, masu jin Turanci sun saba kiran kyasbi da sunan egzema, kuma wannan kuskure ya ƙetaro iyaka ta Kwanni tare da kayan kasuwa. Abin da likitoci suke kira egzema shi ne kirci, kuma shi ba ƙwaro ba ne, ba naman gwari ba ne, ba a ɗaukarsa wurin kowa. Ana iya cin tuwo ƙwarya ɗaya da mai kirci, a kwana tabarma ɗaya da shi shekara da shekaru, ba abin da zai faru.

Akwai tabo guda da ya kamata kowa ya riƙe a ka: wanda ya fi sauran jiki haske, ba ya ƙaiƙayi, kuma idan an taɓa wurin da auduga mai shi ba ya ji. Wannan a kai shi asibiti a duba kuturta. Maganinta yana warkarwa sarai, kuma tun 1995 ake ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya.

To, mene ne kirci? Mutanen Adar sun san ginin dutse da ƙasa. Dutse komai kyansa, idan ƙasar da ke tsakani ta zube, iska da ƙura da kunama duk sun sami hanya. Haka saman fatar mutum yake: ƙwayoyin halitta ne jere kamar duwatsu, da wani maiƙo a tsakaninsu wanda yake riƙe danshi a ciki, yake tare ƙazanta a waje. A jikin mai kirci wannan yaɓe ba shi da ƙarfi tun asali. Ruwan jiki yana tsiyayewa, fata ta bushe, abubuwan waje su kutsa, sai garkuwar jiki ta tashi da faɗan da ya wuce kima. Faɗan nan shi ne kumburi da ƙaiƙayi. A 2006 masu bincike a jami'ar Dundee ta ƙasar Sikotilan suka nuna cewa naƙasa a ƙwayar gadon wani sinadari mai suna filagirin tana cikin manyan dalilan ciwon a wurin Turawa. Da aka bincika a Habasha kuma, sai aka tarar irin wannan naƙasa ba ta cika samuwa ba, ga kuma kirci nan birjik. Ke nan hanyoyin da katangar take lalacewa suna da yawa. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne gado: idan uwa ko uba na da kirci, ko asma, ko yawan atishawa da ƙaiƙayin ido, ƴaƴansu sun fi saurin kamuwa.

An daɗe ana cewa wai ciwon ƴaƴan Turawa ne. Babban binciken da aka yi a kan yaran makaranta na ƙasashe fiye da 50, wanda aka bayyana sakamakonsa a 1999, ya rushe wannan zance. Cikin yara masu shekara 13 zuwa 14, adadin ya kama daga ƙasa da kashi 1 cikin 100 a Albaniya har zuwa sama da kashi 17 a Najeriya, maƙwabciyar nan ta kudu. Dalilin da ya sa ba a ganinsa a nan shi ne littattafan likitanci sun siffanta shi da ja, alhali a baƙar fata ba ja yake yi ba. Yakan yi duhu, ko toka-toka, ko ƙananan ƙuraje kamar tsikar jiki ta tashi, wurin da aka daɗe ana susa kuma ya yi kauri kamar ƙirgi. A jariri kumatu da goshi yake kamawa. Idan yaro ya tasa sai ya koma lanƙwasar gwiwar hannu, da bayan gwiwa, da wuya. Yawanci yana farawa kafin shekara 5, kuma yara da yawa suna samun sauƙi idan sun girma, ko da yake bushewar fata takan bi mutum har tsufa. Bayan ya lafa yakan bar tabo mai duhu ko mai haske, wanda yake ɗaukar watanni kafin ya baje. Tabon nan ba ciwo ba ne, kuma ba ya buƙatar man bilicin.

Gado yana shirya itace, amma wani abu ne yake ƙyasta ashana. A ƙasar nan babban mai ƙyastawa shi ne yanayi. Matsakaicin ruwan saman Tawa bai kai milimita 400 a shekara ba, kuma idan aka nausa arewa, Abalak da Cin Tabaraden, sai ya ƙara raguwa. Daga Nuwamba hunturu yake sauka, a watannin Fabrairu da Maris kuwa danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Iskar da take busar da wanki cikin ɗan lokaci ita ce take zuƙe fata. Lafiyayye ma sai ya yi kaushi da faso, balle wanda katangarsa take da rauni. Hunturu na wucewa bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, gumi mai gishiri ya taru a lanƙwasar jiki yana cizo. Ma'aikacin da ke zaune cikin biro mai na'urar sanyaya ɗaki kada ya ɗauka ya tsira, domin ita ma na'urar busar da iska take yi.

Na biyu shi ne wanka, kuma a nan za a ɓata wa wasu iyaye mata rai. Uwa ta ga fatar yaro ta yi fari-fari, sai ta ɗauka dauɗa ce, ta ɗauko soso mai kaushi da sabulu mai kumfa da ruwan zafi ta dirje shi. Abin da ta wanke shi ne ɗan ragowar maiƙon da ke kare shi. Sabulu mai turare, da wanda ake talla da sunan mai kashe ƙwayoyin cuta, da sabulun salo mai yawan toka, duk suna iya ƙara bushewa. Omo ya fi su duka ɓarna, ga hannun masu wanki da wanke-wanke, ga kuma tufafin da ba a ɗauraye sosai ba. Rigar sanyi ta ulu da ake saye a gwanjo, da yadin roba mai riƙe gumi, da turare idan an fesa shi a kan fata, da hayaƙin murhu da na turaren wuta a rufaffen ɗaki, kowanne yana da nasa rabo.

Damuwa ma tana tayar da shi. Ma'aikatan da suka ga shekarun 1990, lokacin da albashi yake maƙalewa watanni, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan yadda tunani yake fita a jiki.

Sai susa, wadda ita ce take mayar da ƙaramin abu babba. Ƙaiƙayi ya sa a sosa, farce ya yage fata, yagewar ta ƙara kumburi, kumburi ya ƙara ƙaiƙayi. Yi wa yaro tsawa ya daina susa aikin banza ne, domin ko cikin barci hannunsa yana aiki. Sai dai a yanke masa farce, a sanyaya wurin da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, a magance ƙaiƙayin daga tushe.

Batun abinci yana buƙatar a yi hattara ƙwarai. Gaskiya ne wasu ƙananan yara jikinsu ba ya karɓar madara ko ƙwai ko gyaɗa, kuma alamar hakan takan bayyana jim kaɗan bayan an ci: borin jini, kumburin leɓe, amai, ko sarƙewar numfashi. Amma a mafi yawan masu kirci abinci ba shi da laifi. Sau da yawa maƙwabta sukan taru a kan uwa, wannan ta ce a hana shi nono, waccan ta ce a hana shi ƙwai da wake, har a bar yaro da kunu zalla. A yankin da ya ga yunwar 2005, inda tamowa take jiran yara a bakin ƙofa, wannan shawara ta fi kircin haɗari. Kada a cire wa yaro wani abinci sai da izinin likita, kuma kada a yaye shi saboda ƙuraje.

Akwai wani reshe na ciwon wanda bai shafi gado ba, sana'a da kwalliya ne suke jawo shi. Siminti ne sarkinsu. Jiƙaƙƙen siminti yana ƙona fata, ga kuma wani sinadari a cikinsa mai suna kuromiyom wanda idan jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi har abada. Ƙasar Danmak ta fara zuba wani gishirin ƙarfe cikin siminti a 1981 don karya ƙarfin wannan sinadari, kuma Tarayyar Turai ta yi doka a 2003 wadda ta taƙaita shi ga kashi 2 cikin miliyan. Ƴan Adar da suke tafiya biɗa Abijan da Legas da Libiya, da yawansu kwaɓa siminti suke yi da hannu tsirara, ƙafa cikin silifa. Safar hannu ta roba mai kauri da takalmi mai rufi sun fi duk wani mai da za a saya daga baya araha. Baƙin lalle shi ne na biyu. Lallen gargajiya na ganye, mai ja, da wuya ya cutar da fata. Amma wanda yake yin baƙi wuluk cikin mintuna, rinin gashi aka haɗa masa, mai sinadarin da ake kira PPD. Bayan kwana biyu, wani lokaci har mako guda ko fiye, sai zanen ya kumbura ya yi ruwa daidai yadda aka zana shi. Amare nawa ne suka shiga ɗaki da hannu a ɗaure saboda wannan? Dattijon da ke rina gemu ko gashi shi ma sinadarin nan yake shafawa. Ɗan kunne da agogo da kan bel na ƙarfe mai araha suna ɗauke da nikel, kuma ƙurajensu a daidai inda ƙarfen ya taɓa suke tsayawa. Mai yankan albasa da tafarnuwa kullum, shi ma kan yatsunsa yakan tsage. Maganin wannan reshe guda ne: a gano abin, a rabu da shi.

Yanzu sai a juyo ga ƴan kasuwa, domin wannan ɓangare nasu ne. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, magungunan da ake shigowa da su suka yi tsalle. Talaka ya juya wa faramasi baya ya koma ga mai tire da mai tebur. Tun daga lokacin kasuwar maganin bakin hanya ta ƙara kafuwa, kuma wanda ya ratsa kasuwar Tawa ranar Lahadi zai ga mayukan fata kala-kala suna shan rana. Yawancinsu suna ɗauke da kotizon mai ƙarfi, irin su betametazon da kulobetazol, wanda ƙarfinsa ya ninka na haidurokotizon sau ɗaruruwa. Wasu kuma magani uku ne aka cakuɗa cikin kwali ɗaya, ana cewa yana maganin komai.

Abin da ya sa suke karɓuwa shi ne suna aiki nan take. Ko mene ne ciwon, ƙaiƙayi zai lafa cikin kwana biyu, mai saye ya dawo yana godiya. Amma idan makero ne ko ƙazwa, man ya kwantar da garkuwar jiki ne kawai, cutar tana ta yaɗuwa a ɓoye, har ta sauya kama ta rikita likita. Idan kuma an ɗauki watanni ana shafawa, fata takan yi siriri, nankarwa ta fito, fuska ta cika da ƙuraje, rauni ya ƙi warkewa. Maganin yana ratsawa cikin jini, musamman a jikin jariri, kuma yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Ranar da aka daina, ciwon ya dawo da fushi, sai a koma a sake saye. Waɗannan mayuka su ne dai mata suke haɗawa don hasken fata. Ƙasar Kwaddibuwa ta haramta mayukan bilicin masu kotizon da makuri a 2015. Haka ƙwayar deksametazon da ake sha don ƙiba: tana kwantar da kirci na ɗan lokaci, ta bar mutum da abin da ya fi shi muni. Ɗan kasuwar da ya miƙa wa uwa irin wannan mai don kumatun jariri ya sayar mata da abin da bai san ƙarfinsa ba, kuma ribar da ke ciki ba ta kai nauyin alhakin ba.

Wannan ba ya nufin kotizon abin gudu ne. Tun 1952 da aka fara shafa haidurokotizon a Amurka, shi ne ginshiƙin maganin kirci, kuma tsoronsa fiye da kima shi ma yana barin yara cikin wahala. Sharaɗin shi ne likita ya zaɓi ƙarfin da ya dace da wurin da kuma shekarun mai ciwo: mai sauƙi, kashi 1 cikin 100, ga fuska da jarirai, mai ɗan ƙarfi ga jiki da hannu. A shafa a inda ciwon yake kawai, sau ɗaya ko biyu a rana, na kwanakin da aka ƙayyade, yawanci mako ɗaya zuwa biyu. Ma'auninsa mai sauƙi ne: abin da aka matso daga kan yatsan manuni na babba zuwa gaɓar farko ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannu biyu. Akwai sababbin allurai masu ƙarfi, kamar wadda aka amince da ita a Amurka a 2017, amma tsadarsu ta sa ba zancen yau ba ne.

Aikin kullum kuwa a gida yake, kuma ba ya buƙatar jika masu yawa. Wanka sau ɗaya a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba tare da soso ba, sabulu kaɗan a hammata da matsematsi da ƙafa. Idan an fito kada a goge jiki da ƙarfi, a dddanna tawul a hankali, sannan tun jiki da sauran laima a shafe shi da mai. Basilin fari marar turare da man kaɗanya tsantsa duka suna yi. A lokacin hunturu a shafa sau biyu ko uku a rana, kuma a ci gaba ko ciwon ya lafa, domin yaɓe ba a jiran sai katanga ta faɗi. Mai kircin hannu ya ajiye ɗan gwangwani a aljihu ko a teburin aiki, ya shafa bayan kowace alwala. Man gyaɗa kuwa a nisanta shi daga tsagaggiyar fatar jariri, domin wani bincike na Ingila a 2003 ya danganta shafa shi da ƙin gyaɗa daga baya. Tufafin da ke taɓa jiki su zama na auduga, a ɗauraye su har kumfa ta ƙare. Toka, da man birki, da ruwan batir, da kanwa, da lemun tsami da wasu suke gogawa, ƙuna suke ƙarawa a kan ƙuna.

Akwai lokacin da ba a jira. Idan wurin ya fara tsiyayar ruwa, ya yi ɓawo rawaya ko mugunya, ƙwayoyin cuta sun shiga. Idan ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito da yawa lokaci guda, da zafi da zazzaɓi, musamman kusa da ido, a tafi asibiti a ranar. Idan kuma bayan makonni fuskar yaro ta kumbura, fitsarinsa ya yi duhu, to gyambon fata ya taɓa ƙoda. Gwamnati ta kafa dokar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, kuma duk da jinkirin biyan asibitoci da aka sha kuka da shi, haƙƙi ne da ya kamata iyaye su nema.

Hukuma ma tana da nata kaso. Ƙwararrun likitocin fata a ƙasar nan kaɗan ne, kuma galibinsu a Yamai suke. Mutumin Keita ko Buza ko Tasara ba zai yi wannan tafiya saboda ƙaiƙayi ba. Maƙwabciya Mali ta gwada wata dabara a yankin Bamako: an ba ma'aikatan ƙananan asibitoci horo na kwana ɗaya tak a kan cututtukan fata da aka fi gani. Rahoton da aka buga a 2005 ya nuna marasa lafiyar da aka gano ciwonsu aka kuma ba su maganin da ya dace sun tashi daga kashi 42 zuwa kashi 81 cikin 100, kuɗin takardar magani kuma ya ragu da kashi 25. Horon kwana ɗaya bai fi ƙarfin kasafin jihar Tawa ba, kuma tambaya ce da ta cancanci a yi wa duk wanda ya zo neman amincewar jama'a.

Wanda zai je ganin likita, ya tattara duk kwalaye da gwangwanayen mayukan da ya taɓa shafawa, har da na kwalliya da na mai tire, ya tafi da su. Ya faɗi sana'arsa, ya faɗi watan da ciwon ya fi tashi, ya kuma faɗi ko akwai wani mai susa a gidan.